Addinin Budu a Hannun Masu Labaran Zane na Amurka

Tun shekarun 1950 mujallun labaran zane masu ban tsoro na Amurka ke ɗibar kayan aiki daga addinin Budu na ƙasar Haiti: ganguna a tsakar dare, mugun boka, da gawar da aka tayar daga kabari, wato zombi. Wannan siffa ta yaɗu ne a lokacin mamayar da Amurka ta yi wa Haiti daga 1915 zuwa 1934, musamman ta littafin William Seabrook na 1929 da fim ɗin White Zombie na 1932.

A nan aka yi asarar ma'ana. A tunanin mutanen Haiti, zombi mutum ne da aka raba da hayyacinsa, aka tilasta masa aikin gonar rake ba hutu ba lada. Tsoro ne na bautar da ko mutuwa ba ta kawo ƙarshenta ba. Budu kuwa, mai saiwa a tsohuwar daular Dahomey, yana cikin abubuwan da suka haɗa kan bayin da suka yi bore a 1791, har ƙasar ta sami 'yanci a 1804.

Kamfanin Marvel ya fito da jarumi ɗan Haiti, Brother Voodoo, a 1973, amma shi ma ya mayar da iskokin da ake girmamawa makaman faɗa kawai.

Tsoratar da mai karatu ba aibi ba ne. Sai dai mai zanen da ya ari addinin wata al'umma, wajibi ne ya ɗauko shi tare da tarihinsa. Da an yi haka, da mai gonar raken ne zai zama dodon labarin.