Shara, Leda da Ruwan Damina: Kira ga Ƙananan Hukumominmu

  Ya ku ɗalibai da iyayen yara, maganar da nake so mu yi a wannan fitowa ita ce ta shara, da wanda alhakin kwashe ta ya rataya a wuyansa a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura.

Mu fara da tambayar dattawanmu. A zamaninsu shara ba ta kwana a gari har ta zama bala'i, domin kusan dukkanta taki ce. Toka, kashin dabbobi, ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, duk a juji ake tara su, idan rani ya yi a ɗora wa jaki mangala a kai gona. Abin da ya fito daga ƙasa ya koma ƙasa. Cefane kuwa a kwando ko ƙwarya ake zuwa da shi, ƙosai a ganye ko takarda. Ga kuma duba-gari yana zagayawa gida-gida, yana leƙa randa da makwarara, wanda ya yi sakaci a ci shi tara.

To, me ya ɓata wannan tsari? Leda ce da robobi. Yau ko barkonon naira hamsin ka saya sai an ƙulla maka a leda, ga ledar fiya-wata a ko'ina. Ita kuwa ba ta ruɓewa kamar ganye, sai ta yi shekaru tana nan. Idan ta shiga taki, manomi ya kai gona, ta hana ruwa ratsa ƙasa. Idan akuya ko saniya ta haɗiye ta, sai ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa, mahauta shaida ne. Idan aka cinna mata wuta, hayaƙinta guba ne ga ƙirjin yara da tsofaffi. Mafi muni, idan ta toshe kwata da kwalbati, ruwa ya rasa hanya, sai ya nemi ta cikin gidajen mutane, kuma yawancin katangunmu na ƙasa ne.

A nan ne maganar sauyin yanayi take shigowa. Masana sun tabbatar duniya tana ƙara zafi saboda hayaƙin man fetur da kwal da gas, da kuma sare itatuwa. Iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, shi ya sa ruwan da ya kamata ya sauka a hankali yakan zubo lokaci guda kamar da bakin ƙwarya. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Garin da yake kusa da duwatsu kamar Kazaure, ruwa da gudu yake gangarowa, don haka kwata ɗaya da ta toshe ta isa ta jawo wa unguwa asara. Ita kanta bolar da aka bari tana ruɓewa a cushe, tana fitar da wata iska mai suna metan, wadda take riƙe zafi a sararin sama.

Wani zai ce, ai manyan ƙasashe irin su Amurka da Sin ne suka ɓata yanayi, mu me ya shafe mu? Gaskiya ne, kason Afirka duka a wannan hayaƙi bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma ledar da take cikin kwatar unguwarmu, ba daga Amurka aka zo aka jefa ta ba. Wani kuma zai ce ambaliya ƙaddara ce. Na'am, mun yi imani da ƙaddara, sai dai tawakkali bai taɓa hana riƙo da sababi ba. Yaranmu na aji biyu ma sun karanta a Ishmawi cewa ruwan da najasa ta canza masa launi ko ɗanɗano ko wari ba a alwala da shi. To ina dalilin barin dattin gari yana gangarawa cikin kududdufai da madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba?

Yanzu aikin wane ne? Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa kwashe shara da kula da bayan-gida na jama'a, da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Gwamnatin tarayya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, jiha kuma tana da hukumar kare muhalli ta JISEPA, amma wanda ya fi kusa da bolar bayan makarantarmu shi ne kansila da ciyaman. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka talaka yana da hurumin ya tambaya: nawa aka ware wa tsabtar gari a kasafin bana?

Ga abin da nake ba shugabanninmu shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfin aljihun hukuma a ciki. Na farko, kowace mazaɓa a keɓe wurin zuba shara sananne, da shawarar masu unguwanni da dagatai, a sa ranar kwashewa da kowa ya sani. Inda tifa ba ta shiga, amalanke da baro suna shiga. Na biyu, a raba wurin kashi uku: abin da yake ruɓewa a bar wa manoma su kai gona, ga tsadar takin zamani, ƙarfe da gorar roba a bar wa 'yan jari-bola, leda kuma a tara ta daban. Na uku, su 'yan jari-bolar a yi musu rajista da katin shaida, a ba su fili, domin su ne suka riga kowa sanin cewa tsohuwar roba kuɗi ce, rajistar kuma za ta tsare mutuncin na kirki daga zargin sata. Na huɗu, a yashe magudanan ruwa tun watan Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko. Yasar kwata a Agusta ihu ne bayan hari. Na biyar, a ƙarfafa duba-gari, a ba su abin hawa, a fara da kasuwanni da tashoshi inda leda ta fi taruwa. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu ko ba mu kai can ba, ma iya rage ta.

Ku kuma iyaye mata, gyara daga tsakar gida yake farawa. A ajiye buhu biyu, ɗaya na toka da shara mai ruɓewa, ɗaya na leda da roba. A daina aiken yaro da kwandon shara a ce ya zuba a kwata idan hadari ya haɗo, wai ruwa zai tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina sai ƙofar maƙwabci. Iyaye maza, a riƙa tafiya kasuwa da jaka ko kwando, kuma idan kansila ya zo ɗaurin aure ko suna, a gaishe shi da mutunci a tambaye shi ranar da za a kwashe bolar unguwa. Ku ɗalibai, ledar alawa da ta fiya-wata a riƙe ta har a kai kwandon aji, kuma takardar da take da sunan Allah a ware ta, kada ta shiga shara ko kaɗan.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon sauke amana, Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga ambaliya da annoba.