RA'AYINMU: Hattara Da Masu Sojan Gona A Waya Da Imel

Tun daga 2009 da kamfanin MTN ya fara harkar aika kuɗi ta waya a ƙasar Ghana, wadda jama'a ke kira MoMo, babu shakka kasuwanci a arewacin ƙasar nan ya sami sauƙin da iyayenmu ba su taɓa mafarkinsa ba. Sauƙin ya ƙaru a 2018, lokacin da aka haɗe layuka ta yadda mai wannan layi zai iya tura wa mai wancan kuɗi kai tsaye. A yau mai albasa a Bawku, mai doya a Yendi ko Salaga, da mai masara da waken suya a Nalerigu, duk suna karɓar kuɗin kayansu daga Kumasi ko Akra ba tare da wani ya ɗaura damin kuɗi a ƙugu ya kwana kan hanya cikin fargabar 'yan fashi ba.

To amma inda kuɗi suka koma, nan ɓarawo ke komawa. Ɓarawon yanzu ba ya bukatar tare hanya ko fasa shago, abin da yake bukata kawai shi ne ya ari sunan wanda ka yarda da shi, wato kamfanin waya, ko banki, ko abokin cinikinka, ko ma ɗan'uwanka na jini.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan haɗari tun da daɗewa. Shi ya sa baƙo ba ya ciniki a kasuwar Salaga sai ta hannun maigidan da ya sauke shi, wanda ya san mai saye da mai sayarwa, kuma ya tsaya wa kowa. Waya ta kawar da wannan shaida. Yanzu murya ce kawai ko 'yan layukan rubutu, mutum kuma ya ɗauki jarin shekara goma ya miƙa.

Hanyoyin da waɗannan macuta ke bi sanannu ne. Ta farko ita ce saƙon bogi. Za ka ga saƙo mai kama da na MoMo yana cewa kuɗi sun shigo, nan take wani ya kira yana magiya wai ya yi kuskuren lamba, a taimaka a mayar masa. Alhali ko kwabo bai shigo ba, daga wayarsa ya rubuta saƙon. Ta irin wannan hanya ce kuma ake karɓar kaya a ranar kasuwa a nuna wa mai shago saƙon biya na ƙarya, ko hoton rasit da aka gyara. Maganin abu ɗaya ne, kada ka yarda da saƙo, ka shiga asusunka da kanka ka duba abin da ke ciki kafin buhu ɗaya ya bar rumfa.

Ta biyu ita ce kiran wanda ke cewa shi ma'aikacin kamfani ne. Wani lokaci albishir ne na wata garaɓasa da ka ci ba ka shiga ba, wani lokaci barazana ce cewa za a rufe layinka yau. Daga nan sai ya ce ka danna kaza da kaza, ka sa lambar sirrinka. Duk wanda ya sa lambar, shi da hannunsa ya amince a cire kuɗinsa. Babu kamfanin waya ko bankin da ke tambayar lambar sirri, kuma Hausawa sun riga sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ta uku ita ce ƙwace WhatsApp. Sai a kira ka a ce ana shirya taron ƙungiya ko rabon tallafi, a karanto lambobi shida da suka shigo wayarka. Waɗannan lambobi su ne makullin WhatsApp ɗinka. Da zarar ka faɗa, ɓarawo ya gaje sunanka da hotonka, ya bi abokan cinikinka na Cinkasse da Tachiman ɗaya bayan ɗaya yana neman rancen gaggawa. A nan asarar biyu ce, kuɗin mutane da kuma mutuncinka. Yanzu ma har akwai na'urorin da ke iya kwaikwayon muryar mutum, don haka saƙon murya shi kaɗai bai isa shaida ba.

Ta huɗu, wadda ta fi shafar manyan 'yan kasuwarmu masu odar babura, kayan gyara da atamfa daga Caina da Dubai ta Tema ko Lome, ita ce imel na jabu. Ya kamata a gane cewa imel tamkar ambulan yake, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai aikowa. Wasu kuma kan buɗe adireshi mai kama da na gaskiya, su canja harafi ɗaya tak, ko su saci makullin akwatin wanda kake hulɗa da shi su zauna suna karanta wasiƙunku shiru. Ranar biya na zuwa sai wasiƙa ta iso cewa an canja asusun banki, a tura can.

Kada wani ya ɗauka marasa boko kaɗai ake yi wa haka. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi sojan gona da sunan wani kamfanin Taiwan, ya karɓi fiye da dala miliyan 100 daga Facebook da Google, kafin kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 5 a 2019. Haka nan Ramon Abbas, ɗan Nijeriyar da aka fi sani da Hushpuppi, wanda aka kama a Dubai a 2020, ya sami ɗaurin fiye da shekara 11 a 2022 kan halatta kuɗin da aka samo ta irin wannan zamba. Idan har an yi wa masu intanet ɗin da kansu, ina ga mu?

Saboda haka muna ba 'yan kasuwa shawarar su riƙe ƙa'ida guda, duk saƙon da ya zo da neman kuɗi, ko canjin asusu, ko canjin lamba, a ajiye shi a kira mutumin ta tsohuwar lambarsa da aka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba. Duk mai cewa yanzu-yanzu, a tuna cewa sauri kan haifi nawa. Kada a yi lambar sirri da shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya, kada kuma a miƙa wa mai rumfar MoMo ko yaron shago waya tare da lambar. A sa wa WhatsApp da imel makulli na biyu, a kuma daina danna duk wani mahaɗi da ya zo da alkawarin kyauta, aiki ko kujerar Hajji.

Wanda kuma tsautsayi ya faɗa masa, kada kunya ta sa shi shiru, domin shirun nan ne jarin macuci. Ya sanar da kamfanin wayarsa ko bankinsa nan take, ya kai ƙara ga 'yan sanda, ya kuma kira 292, lambar Hukumar Tsaron Intanet da aka kafa ƙarƙashin dokar 2020. Sannan ya gaya wa maƙwabtansa na kasuwa, don in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Hukuma da kamfanoni su ma da nasu. A 2021 MTN ya wajabta nuna katin shaida kafin cire kuɗi, kuma a shekarar ce gwamnati ta fara sake rajistar layuka da Ghana Card, aikin da aka rufe a 2023. Duk da haka kiran macuta bai yanke ba. Idan kowane layi na da mai shi, me ya sa wanda aka cuta zai kawo lamba a hannu amma a kasa kamo kowa? Muna kira da a bi diddigin masu yin rajista da katin wasu, a kuma hukunta duk wakili ko ma'aikacin da aka samu da haɗin baki. Haka kuma gargaɗin da ake turowa cikin Turanci ba ya isa ga tsohuwar da ke sayar da daddawa a Gambaga. A yi shi da Hausa, Mampuruli, Kusal, Dagbani da Gwanja, a gidajen rediyo da ranakun kasuwa. Tun 2019 Nalerigu ta zama hedikwatar Yankin Arewa Maso Gabas, ya dace a ce mai ƙara irin wannan ya sami wanda ya san aikin a kusa, ba sai ya dangana da Tamale ko Akra ba.

A ƙarshe, akwai maganar da ta zama dole mu gaya wa kanmu. Sunan da ake kiran wannan ɗanyen aiki da shi a duk faɗin Ghana, wato sakawa, kalmar Hausa ce, kuma wannan ba abin alfahari ba ne ga zangonninmu. Muna kira ga sarakunan zango, limamai da shugabannin kasuwa da su fito fili su ce zamba haramun ce ko wane ne aka yi wa. Iyaye kuma su tambayi yaron da ba ya sana'a inda ya samo sabon babur kafin su sa masa albarka. Fatauci a wannan yanki da amana aka gina shi, ranar da amana ta ƙare babu wanda zai ƙara ba wani kaya bashi. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.