Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Daga Gandayen Hamadar Amurka

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar zafi ya fara sauka a kudu maso yammacin Amurka, dubban iyalai kan ɗora tanti da tukwane da jarkokin ruwa a mota, su shiga hamada su yi kwanaki suna yawo daga wannan gandun daji zuwa wancan. Ga Bahaushe wannan al'ada abin mamaki ce, domin a tunaninmu daji wurin noma ne da kiwo da farauta, mai hankali ba ya barin ɗakinsa ya je ya kwana a can haka kawai. Ra'ayin da wannan maƙala ke ɗauke da shi shi ne, babban abin koyi a irin wannan tafiya yana cikin shirin da ake yi mata tun kafin a tayar da mota. Shirin tafiya ilimi ne mai zaman kansa, kakanninmu sun ƙware a kansa, mu kuma muna neman sakin sa. Ya kamata malamin makaranta ya koye shi, ya kuma koyar da shi, domin wata rana za a damƙa masa 'ya'yan mutane ya fita da su.

2.0 Gandayen da Lokacin Ziyararsu

Amurka ta keɓe gandun dajinta na ƙasa na farko, wato Yellowstone, a shekarar 1872, ta kuma kafa hukumar kula da gandayen a 1916. Da dama daga cikinsu suna cikin hamada. A jihar Yuta akwai Zion da Bryce Canyon da Arches, wanda ke da bakunan dutse fiye da 2,000 da ruwa da sanyi da iska suka sassaƙa. A Kalifoniya akwai Joshua Tree, inda hamadar Mojave ta haɗu da ta Colorado, sai kuma Death Valley, wato Kwarin Mutuwa. Waɗannan biyu na ƙarshe an ɗaga su zuwa matsayin gandun ƙasa a 1994. Faɗin Kwarin Mutuwa ya kai kusan kashi biyu cikin uku na faɗin Jihar Kano, kuma a can ne aka rubuta zafin da ya kai digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyas ranar 10 ga Yuli, 1913.

Lokacin da aka fi so a yi wannan yawo shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Masu fassara kan kira shi kaka, ko da yake kalmar ba ta zauna daidai ba. Kakar Bahaushe lokacin girbi ce da cikar rumbu, tasu kuwa lokaci ne da ganye ke zuba, yini ke gajarta, sanyi ke ƙaratowa. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu rata ce tsakanin wahala biyu. A hamadar Amurka ratar tana tsakanin zafin da ke kisa da ƙanƙarar da ke toshe hanyoyin kan tudu.

Mai shiri ba ya tsayawa ga sunan lokaci, sai ya duba tsayin ƙasa. Ƙa'ida ce sananniya cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5. Bryce Canyon yana sama da mita 2,400 daga bakin teku, don haka a watan Oktoba ruwa kan daskare a can da dare. Wurin da ake kira Badwater a Kwarin Mutuwa kuwa yana mita 86 ƙasa da bakin teku, kuma a wannan kwari matsakaicin zafin rana kan kai digiri 41 a Satumba, ya sauko 34 a Oktoba, sannan 25 a Nuwamba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya tsara wa matafiyi hanyarsa: ya fara da tuddan Yuta tun sanyi bai tsananta ba, ya ƙare da Kwarin Mutuwa bayan zafi ya karye. Wanda ya juya tsarin zai sha zafi a farkon tafiya, ya sha sanyi a ƙarshenta, alhali gandayen da ya ziyarta ɗaya ne da na wanda ya yi lissafi.

3.0 Abubuwan da Shiri Ya Ƙunsa

Na farko shi ne ruwa. Hukumar gandayen tana shawartar kowane mutum ya tanadi aƙalla lita 4 ta ruwan sha a rana. Yawancin zangunan kwana na Joshua Tree ba su da famfo ko rijiya. Ke nan iyali mai mutum 5 da zai kwana 3 a irin wannan zango yana bukatar lita 60 ta sha kawai, kusan jarka biyu da rabi ke nan mai cin lita 25, ban da na girki da wanke-wanke da wanda za a ajiye saboda ɓacin rana. Yaron aji huɗu na firamare zai iya wannan lissafi, amma rashin yin sa ya ci rayukan manya.

Na biyu shi ne mota da hanya. A duk faɗin Kwarin Mutuwa wurare ƙalilan ne ake sayar da mai, kuma wayar hannu ba ta kamawa a yawancin sassansa. Saboda haka ake cika tanki a duk inda aka samu dama, a riƙe tayar safaya mai kyau, a kuma riƙe taswirar takarda. A watan Agusta na 2009 wata mata da ɗanta suka bi na'urar nuna hanya ta kai su wata turba da ba a bi, motar ta kafe, yaron ya rasu kafin a iske su. Tun kafin wannan, a watan Yuli na 1996, wasu Jamusawa huɗu, manya biyu da yara biyu, suka shiga wani lungu na kwarin da motar haya wadda ba ta dace da duwatsu ba. An tsinci motar a watan Oktoba tayoyinta sun fashe, ƙasusuwan manyan kuwa sai a 2009 aka gano su, can nesa da motar. Shi ya sa ake nanata abu biyu: a sanar da wani hanyar da za a bi da ranar dawowa, kuma idan mota ta lalace a zauna kusa da ita, domin ta fi mutum sauƙin hangowa, tana kuma ba da inuwa.

Na uku shi ne ambaliya, wadda baƙo ba ya zaton ta a hamada. Yankin yana da 'yar daminarsa daga Yuli zuwa Satumba, kuma ƙasar dutse ba ta shan ruwa. Abin da ya sauka a kan tudu sai ya taru ya kwararo ta cikin matsattsun kwazazzabai da ƙarfin da ba a iya tsere masa. Ranar 14 ga Satumba, 2015, irin wannan ruwa ya halaka mutum 7 a wani kwazazzabo a gandun Zion. A watan Agusta na 2023 kuma, ragowar guguwar Hilary ta zubar wa Kwarin Mutuwa ruwan da yakan samu a shekara guda cikin yini ɗaya, hanyoyi suka yanke, aka rufe gandun har tsakiyar Oktoba. Don haka ba a kafa tanti a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, kuma kowane shiri yana bukatar hanya ta biyu da za a koma mata idan ta farko ta toshe.

Na huɗu shi ne zango da lokaci. Shahararrun zanguna ana kama gurbi a cikinsu ta intanet tun wata shida kafin ranar zuwa. A watan Nuwamba hasken rana bai fi awa 10 da 'yan mintoci ba, saboda haka ake ƙayyade tuƙin yini yadda za a isa a kafa tanti da sauran haske.

Na biyar shi ne haƙƙin wurin da aka ziyarta. Ba a sarar itace, ba a barin shara. A Arches akwai wani ɓawo mai rai da ke rufe ƙasa yana hana iska kwashe ta, wanda idan aka taka shi yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. Har ila yau, waɗannan wurare suna da masu su tun asali. Ƙabilar Timbisha tana zaune a Kwarin Mutuwa tun kafin zuwan Turawa, kuma sai a shekarar 2000 doka ta tabbatar mata da filaye a cikinsa.

4.0 Mu Ma Mun Gaji Wannan Ilimi

Duk wanda ya san tarihin fatauci zai ga cewa babu baƙon abu a cikin waɗannan sharuɗɗa. Ayarin gishiri da Buzaye ke yi daga yankin Agadas zuwa Fachi da Bilma, ta cikin hamadar Tenere, yana tashi ne da kaka, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina kuma zafi ya sassauta. Sukan ɗauki dammunan ciyawa, su riƙa ajiye wasu a hanya domin dawowa, su kai gero su karɓo gishiri da dabino. Da irin wannan ayari ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya gangaro kudu kafin ya shigo Kano a 1851. Fataken Gwanja su ma suna da madugu da jagaba da uban dawaki, kowa da aikinsa, kuma an san nisan da ke tsakanin zango da zango.

Harshen kansa shaida ne. Al'ummar da ba ta san shirin tafiya ba ba za ta mallaki kalmomi irin su guzuri da salka da zango da mashaya da yada zango da sammako ba. Sai dai da mota ta zo ta gajarta nisa, muka ɗauka ta ɗauke mana nauyin shiri, alhali hamada ba ta canja hali ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Su ba yawon shaƙatawa suka fita ba, talauci ne ya kore su daga gida. Amma abin da ya kashe su shi ne abin da ya kashe waɗancan Jamusawa.

5.0 Abin da Masu Suka Za Su Ce

Wani zai ce wannan harkar masu kuɗi ce, me ya haɗa ta da malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata? Gaskiya ne tafiyar tana da tsada, kuma ba a ce kowa ya je Amurka ba. Amma lissafin ruwa da duba taya da sanar da dangi ba su cin ko sisi, kuma talaka ya fi mai kuɗi bukatarsu, tun da shi ba wanda zai tayar da jirgi neman sa.

Wani kuma zai ce yawan shiri raunin tawakkali ne, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Malaman addini sun daɗe da amsa wannan, domin an hore mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah. Wanda ya ɗebi yara 40 ya cusa a motar mutum 18 ya ce Allah ya kiyaye, ganganci ya yi, ko da kuwa an dawo lafiya.

Suka ta uku ita ce ta rashin tsaro, kuma ita ce mafi nauyi. Muna da namu wuraren: tuddan yashi da dausayin Bulatura a Jihar Yobe, da gandun Ayar da Tenere a Nijar wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 1991, ta kuma sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana a 1992. Akwai lokutan da hankali ba zai yarda a kai ɗalibai irin waɗannan wurare ba. To amma sanin lokacin da za a fasa tafiya shi ma wani ɓangare ne na shiri, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

6.0 Kammalawa

Abubakar Imam ya sa wa littafinsa na ziyarar Ingila suna Tafiya Mabuɗin Ilmi, kuma hakan take, muddin an dawo lafiya. Shawarata ga ɗaliban kwalejojin ilimi ita ce, duk ziyarar gani da ido da za ku shirya wa yara, ko ta Yankari ce, ko ta zanen duwatsun Birnin Kudu, ko ta hasumiyar Gobarau, ku mayar da shirinta darasin aji tun makonni kafin ranar. Yara su auna nisa a taswira, su lissafa ruwa da abinci, su rubuta wasiƙar neman izinin iyaye, su tsara lokacin tashi da na dawowa kafin magariba, su kuma ambaci dalilan da za su sa a ɗage tafiyar. Malami da kansa ya duba motar da takardun direba, ya riƙe akwatin agajin gaggawa, ya bar sunayen yaran a ofishin hedimasta. Ta haka malamin Hausa zai koyar da wasiƙa da rahoto da kalmomin fatauci a aiki ɗaya, kuma ya mayar wa kowane uba ɗansa kamar yadda ya karɓe shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa marubucin ya ce kalmar kaka ba ta zauna daidai ba a fassara?
2. Bayyana dalilin da ya sa ya fi kyau a fara da tuddan Yuta a ƙare da Kwarin Mutuwa.
3. Kawo suka uku da marubucin ya ambata, da amsar da ya ba kowace. Wace amsa ce ba ta gamsar da kai ba, kuma don me?
4. Ba da ma'anar waɗannan kalmomi: madugu, jagaba, salka, guzuri, dausayi.
5. Rubuta tsarin ziyarar yini ɗaya ga ɗalibai 30 zuwa wani wurin tarihi da ke kusa da garinku.