Wannan mai ƙafa ukun da kake TikTok da shi, juya shi sama

Kana da shi, ko abokinka yana da shi: ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora waya a kai a yi bidiyo. Kullum fuskarka yake kallo. Shawarata ita ce ko sau ɗaya a wata ka sauke wayar, ka ɗora masa madubin hangen nesa mai ido biyu, ka kalli sama.

A kakar bara na kwana a gonar wani abokina a wajen Bunkure. Ya zo da tsohon madubin hange na babansa, na karɓa na ɗaga. Wallahi ba abin da na gani sai taurari suna rawa kamar an kunna musu kiɗa. Na ce masa madubin ya mutu. Ya yi dariya, ya ɗaure shi da roba a kan wani katako, ya kafa a kan mai ƙafa uku. Da na sake leƙawa sai ga Mushtari a tsaye cak, da ɗige-ɗige huɗu a jere kusa da shi. Watanninsa ne, waɗanda Galileo ya gani a 1610 har suka girgiza ilimin Turai. Ni kuwa a bakin kwalbati na gan su, sauro yana cizona.

Ashe laifin na hannuna ne. Madubin da aka rubuta wa 10x50 yana kusanto da abu sau 10, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 50 ne. Yadda yake girmama tauraro, haka yake girmama rawar hannunka sau 10. Ko bugun zuciyarka sai ya motsa hoton. Da zarar ka kafe shi, ƙananan abubuwan da suke ɓacewa cikin girgiza sai su fito: ramukan da ke jikin wata, da Kaza da 'Ya'yanta wadda ido yake ƙirga shida ko bakwai, madubi kuma ya nuna maka gommai.

Haɗin ba shi da wuya. Yawancin irin wannan madubi suna da wani ɗan murfi a gaba, tsakanin idanun biyu. Ka kwance shi, za ka ga ramin noti, girmansa ɗaya da na kyamara. Ƙarfe mai siffar L ake ɗaurawa a nan, ɗaya gefen ya hau mai ƙafa uku. Ana sayar da shi, mai walda a Kura ma zai iya lanƙwasa maka in ka kai masa madubin ya auna. In babu, dabarar katako da roba ta isa. Kar ka zare ƙafafun har ƙarshe, iska za ta riƙa kaɗa shi. Ka samu kujera 'yar tsugunno ka zauna, kar wuyanka ya ƙage. In za ka saya, nemi 7x50 ko 10x50, ka rabu da masu jan gilashi da ake buga wa manyan lambobi don jan ido.

Me ya sa nake magana da kai ɗan Kura, ɗan Bunkure, ɗan Kadawa? Saboda kana da abin da ɗan birni ba shi da shi: duhu. A cikin Kano fitilu da hayaƙi sun cinye rabin taurari. Kai kuwa filin noman rani da ruwan dam ɗin Tiga yake shayarwa a shimfiɗe yake, ba gini ba dutse, kana ganin gabas da yamma har ƙasa. Ga shi muna kusa da tsakiyar duniya, muna hango taurarin arewa da na kudu, har da waɗanda mutumin Landan ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Dama can kana kwana a gona wajen ban ruwa ko gadin tumatir. Matsalarmu ɗaya hazo. Ka fi samun sama garau bayan ruwa ya wanke ta, ko a watan Oktoba kafin ƙura ta sauko.

Na san abin da za ka ce: ana fama da kuɗin taki da na fetur ɗin injin ban ruwa, wa yake ta taurari? Gaskiyarka. Ban ce kowa ya saya ba. Majalisa ɗaya, madubi ɗaya, a yi karo-karo kamar yadda ake haɗa kuɗin ƙwallo da riguna. Wani kuma zai ce ai wannan duba ne. A'a. Duba shi ne a ce tauraro ya san wa za ka aura. Sanin lokaci da yanayi kuwa ilimi ne, kuma namu ne. Tambayi tsohon manomi taurari 28 da ake lissafin shekara da su, bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da lissafi da ilimin taurari ya yi suna. Mu jikoki ko Zara matar wata ba ma iya nunawa.

Ga inda abin ya fi damuna. Duk ƙarshen Sha'aban da ƙarshen azumi, Facebook da WhatsApp sai su cika da "an ga wata a wuri kaza". Wa ya gani? Da ƙarfe nawa? Wane gefe ƙahonsa ya kalla? Shiru. Masu turawa da yawa ba su taɓa tsayawa neman jinjirin wata ba, ba su san cewa wanda bai kai awa 15 da haihuwa ba kusan ba ya ganuwa da ido. Wanda ya saba fita duk wata, ya kafa madubinsa ya jira, ya san bambancin wata da sirin gajimare ko farin layin da jirgi ya bari. In ya gani, ya kai wa dagaci ko hakimi, magana ta bi hanyarta zuwa kwamitin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, wanda shi ke da sanarwa. In bai gani ba, ya ce bai gani ba. Irin waɗannan shaidu muke buƙata.

Kashedi ɗaya, kuma da gaske nake: kar ka kuskura ka ɗaga madubi yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Kallonta ta cikinsa na ɗan lokaci kaɗan zai iya ƙona ido har abada. Kar ka bar yara da shi da rana.

Ka duba lokacin faɗuwar wata a manhajar Stellarium, sannan ka jefa wayar a aljihu, don ido yana buƙatar kamar minti 20 kafin ya saba da duhu. Ka sa takalmi mai rufi saboda maciji, ka tafi da ƙanenka ko ƙanwarka. Ranar 29 ga wata mai zuwa, bayan magariba, ka tsaya a kan gaɓar kanal ka fuskanci yamma. Abin da ka gani, ka rubuto mana a nan, da lokacin da ka gan shi.