Jaririn da ya cika a hanyar Magaria, wa zai amsa?

Damina ta sake kamawa, kuma mutanen Dogo-Dogo sun san abin da ke biyo bayanta: masassarar cizon sauro, tamowa, da layin mata a ƙofar likita tun da asuba. Ba mu manta da 2018 ba, shekarar da ƙungiyar MSF ta ce yara kusan goma ke mutuwa kowace rana a asibitin Magaria, da yawansu sun iso ne a makare. A ina aka makarar da su? Wannan tambayar muke so hukumomin lafiya na Dungass da Damagaram su riƙa amsawa a rubuce, duk ran da jariri ya rasu a hannun ma'aikaci ko a kan hanya.

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Uwa ta kwance goyo, tafin hannun yaron fari fat, numfashi sama-sama. Majo, shugaban likitar, ba ya nan, ko yana nan amma sai ya gama hira. In an rubuta takardar turawa, sai a ce motar marasa lafiya ba mai, maigida ya nemo kuɗi. Ya sayar da akuya a wulaƙance, a hau babur cikin rairayi, kafin a kai gari yaro ya yi sanyi a bayan uwarsa. A koma gida da "haƙuri, kwana ne ya ƙare".

Mun yarda ma'aikata sun yi kaɗan kuma aiki ya fi ƙarfinsu, amma wannan ba ya wanke wanda ya ga yaro yana suma ya ce a jira. Dokar Nijar tana hukunta kisa ta hanyar sakaci, malamanmu na Malikiyya ma sun ɗora diyya a kan mai magani da ya yi ganganci. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba a ɓoye laifi a bayanta.

A Senegal, cikin Mayun 2022, kotun Louga ta yanke wa ungozoma uku ɗaurin talala na wata shida kan mutuwar wata mai ciki. A watan na Mayu dai jarirai 11 suka ƙone a asibitin Tivaouane, washegari ministan lafiya ya rasa kujerarsa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tuhumar ta hau har sama. Mu ma ba ma so a kama ƙaramin ma'aikaci a yi layya da shi, a bar wanda ya riƙe kuɗin mai.

A nan Nijar, tun 2006, zamanin Tandja, aka yi alkawarin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Gwamnatoci suka yi ta jan bashin likitoci har kantocin magani suka bushe, iyaye suka koma sayen ƙwaya a tire. Abin da muke nema shi ne a buɗe kundi a kowace likita, a rubuta sa'ar da yaro ya iso, sa'ar da aka duba shi, sa'ar da mota ta tashi. In ya rasu, a kira uban a karanta masa, a ba shi kwafi a hannu.