Raddi ga Mai Cewa Ilimin Ƙwayar Halitta Bai Shafi Ɗan Bagwai Ba

Wani malami ɗan'uwanmu ya rubuta cewa ɓata lokaci ne a zaunar da yaran karkara ana koya musu abin da ke cikin ƙwayar halitta. Hujja uku ya kawo.

Ta farko, wai ƴan ƙunshin da ƙwayoyin jiki ke fitarwa shara ce kawai. Malam, karatunka ya tsaya a 1983. A shekarar ne Rose Johnstone a Kanada da Philip Stahl a Amurka, kowa da abokan aikinsa, suka ga jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa suna naɗe abin da ba sa buƙata a cikin tantani suna zubarwa. An daɗe ana yi wa ƙunshin kallon bola, ban musa ba. Amma a 2007 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa yana ɗauke da saƙon gado, kuma ƙwayar da ta karɓe shi tana aiki da shi.

Ta biyu ita ce ta fi ba ni mamaki, wai abin bai shafi manomi ba. Wanda ya taɓa kwana kusa da gonakin shinkafa na madatsar Watari da ke Bagwai ya san yadda sauro ke cika ɗaki tun magariba. Ƙwayar cutar maleriya da yake sa wa mutum tana shiga jar ƙwayar jini ta lulluɓe kanta da tantani. Tana cin sinadarin da ke ba jini launinsa, ta narkar da shi a wata jaka mai tsami da ke cikinta. Ragowar abincin guba ne a gare ta, sai ta daskarar da shi ya koma baƙaƙen ɗigo. Maganin kulorokwin a jakar nan yake taruwa ya hana daskarewar, gubar ta kashe ta. Da wata ƙofa a tantanin jakar ta sauya ta fara turo maganin waje, sai kulorokwin ya daina ci, har Najeriya ta sauya maganin farko na maleriya a 2005. Ɗalibin da zai buɗe kemis gobe, in ya fahimci wannan, ba zai miƙa wa uwa tsohon magani don kawai ta ce shi ta saba da shi ba.

Ƙunshin da ka raina ma yana cikin lamarin. A 2013 bincike biyu, ɗaya a Ostiraliya ɗaya a Amurka, suka gano cewa jajayen ƙwayoyin da cutar ta shiga suna aika wa juna ƙunshi, kuma hakan na ƙara yawan nau'in ƙwayar cutar da sauro ke ɗauka ya kai wa wani.

Ta uku, wai makarantunmu ba su da na'urar ganin waɗannan abubuwa. A nan ka yi rabin gaskiya. Ƙananan ƙunshin ba su wuce nanomita 30 zuwa 150 ba, madubin ƙara girma na makaranta ba zai nuna su ba. Baƙaƙen ɗigon nan kuwa, kowane mai gwajin jini yana ganin su da madubi na yau da kullum. Ka kai yaranka ɗakin gwajin asibiti mafi kusa, ka roƙi a nuna musu.