Wa Ya Ce Makiyayi Jahili Ne?

'Yan'uwa marubuta, akwai wata ƙarya da Turawan mulkin mallaka suka shuka a ƙasar nan, suka tafi suka bar mu muna yi mata ban-ruwa. Wai baƙar fata bai san noma ba, bai san dabba ba, sai an koya masa.

Ku zo Magama ku tsaya a bakin iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka kafa turakun da suka raba Katsina da Maraɗi, ba tare da sun tambayi makiyayi inda burtalinsa ya bi ba. Saniyar da ta kwana a Jibiya sai ta wayi gari baƙuwa a Ɗan Isa. Ai wanda ka raina ba ka neman shawararsa.

Ba mu musa cewa allurar bushiya ta Vom, inda aka kafa cibiyar binciken dabbobi a 1924, ta ceci garake ba. To amma a lissafin gwamnatin Turawa saniya jangali ce da ƙirgi. Bature shi ne likita, ɗan ƙasa kuwa malamin allura, mai riƙe igiya. Haka a Samaru, tun 1922, audugar da masaƙun Ingila ke jira ita ce 'yar lele. Manomin da ya haɗa gero da wake a gona ɗaya sai a ce bai waye ba. Sai da David Norman ya bi ƙauyukan Zariya da awo, daga shekarun 1960, ya nuna haɗin nan ya fi riba, ya kuma fi tare yunwa, sannan masu digiri suka gyaɗa kai. Abin kakanninmu, sai da Bature ya sa hannu!

Laifin yau namu ne. Mu malaman sakandare muna sa yaro haddace siffofin saniyar Holan, alhali ya baro Bunaji da Bokolo a gida, ba wanda ya tambaye shi abin da ya sani a kansu. Mu marubuta kuwa mun fi muni. A littattafanmu Bafillace abin dariya ne, gwarzo sai likitan da ya sauko daga Landan.

Shin a cikinmu ba wanda zai zauna da tsohon makiyayi, ya rubuta sunayen ciyayin da ke tsakanin Jibiya da Madarumfa, da cutar da kowace ke magani, kafin a binne shi da su?